Sabar sakamakon jarrabawa da take mutuwa duk ranar da aka rufe baƙin allo

Yadda abin ya faro

Wata makarantar kuɗi ce a unguwarmu, firamare da ƙaramar sakandare, malamai ba su wuce 20 ba. Duk ƙarshen zango sai an yi ta fama da takardun maki, wannan ya ɓatar da nasa, wancan ya tara lissafi ba daidai ba, iyaye su zo karɓar sakamako a ce su dawo jibi. To sai Allah ya kawo wani matashi da ya zo bautar ƙasa, ya karanta kimiyyar kwamfuta, ya ce wa Hajiya mai makarantar zai rubuta musu manhaja da kowane malami zai shigar da maki ta wayarsa, ita kuma ta haɗa ta fitar da katin sakamako. Kuma ya rubuta ɗin, da Python da Flask, bayanan suna zaune a rumbun bayanai mai suna PostgreSQL, kuma manhajar ta yi kyau ƙwarai, na gani da idona.

Inda aka ajiye ta shi ne wata tsohuwar destof ta gwanjo a ofishin malamin jarrabawa, mai RAM 4GB, ya sa mata Ubuntu 22.04, wani nau'in Linux. Akwai rawuta a saman kabad, malamai su hau wayifai ɗin makaranta su buɗe burauza su rubuta lambar na'urar da 5000 a ƙarshe, shi ke nan sun shiga. Ba a buƙatar data, ba a buƙatar intanet. Wannan destof ita ce sabar, wato uwar garke kamar yadda wasu ke fassarawa.

Yadda yake tayar da ita kuwa, kullum da safe sai ya zo ya kunna na'ura, ya buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni wato taminal, ya shiga folda, ya kunna keɓaɓɓen muhallin Python ɗinsa, ya buga python app.py, rubutu ya fara gudu, ya bar tagar a buɗe ya tafi aji. Ni aikina haɗa netwok da gyaran kwamfuta, ni na ja musu wayar rawutar tun farko, shi ya sa labarin ya biyo ta kaina.

Mako na 1: an rufe taga

Kwana uku da fara aiki malamai suka fara cewa shafin ba ya buɗewa. Ya baro aji da gudu ya tarar na'ura a kunne lafiya lau, amma taminal babu. Malamin jarrabawa ne ya zauna zai buga wasiƙa, ya ga wata baƙar taga da rubutu yana ta zuba, ya ɗauka wani abu ne ya lalace ya danna alamar rufewa. Ba laifinsa ba ne, ko ni ne ban san mene ne ba zan rufe.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, duk shirin da ka tayar daga taminal to ɗan taminal ɗin ne, a ɗaure yake da ita. Idan aka rufe ta sai a aika wa 'ya'yanta wata sigina mai suna SIGHUP, lamba ta 1 a jerin siginonin Unix, sunan ya samo asali tun zamanin da ake shiga kwamfuta ta layin tarho, ma'anarsa an kife waya. Shirin da bai yi tanadin ta ba kuwa yana jin ta sai ya mutu.

Maganin farko takarda ce. Ya rubuta "don Allah kada a rufe baƙin allo" ya manna da salatif a gefen sikirin. Ta yi aikin kwana biyu, ran na uku wata malama ta zo firintin ta rufe duk tagogin da ta gani kafin ta tashi, don ita a ganinta tsabta ce.

Mako na 2: alamar & da nohup

Sai ya koma bincike ya samo cewa idan ka sa alamar & a ƙarshen umarni shirin zai koma baya ya bar maka taminal. Ya gwada, ya buga exit, ya duba waya shafi na nan. Ya yi murna. Washegari ya yi haka amma maimakon exit sai ya danna rufe tagar da linzami, shafi ya mutu. Wannan ya rikita shi sosai har ya fara zargin na'urar tana da matsala, alhali dalilin a fili yake: bash, wato manhajar da ke karɓar umarni a cikin taminal, idan ka fita da exit a tsarinta na asali ba ta aika wa ayyukan baya SIGHUP, amma idan aka rufe taga ita ce ake aika wa siginar, ita kuma ta rarraba wa duk na ƙarƙashinta. Alamar & ɓoye shiri kawai take yi, ba ta kwance igiyar.

Daga nan ya koma nohup, wanda aikinsa ke nan toshe wa shiri kunne daga waccan sigina, ya kuma juya duk rubutun da yake fitarwa zuwa wani fayil nohup.out. Wannan kam ya magance rufe taga gaba ɗaya, aka cire takardar salatif.

Amma sai wasu abubuwa biyu suka ɓullo. Na farko, ranar da ya gyara wani kuskure a lissafin matsakaicin maki yana son sake tayar da manhajar, ya buga umarni sai ta ce Address already in use, wato tsohuwar tana nan a baya ta riƙe ƙofa ta 5000 kuma bai san lambarta ba, sai da ya yi ta lalube da ps yana kashewa da kill -9, har ya kashe wani shirin Python da ba nasa ba. Na biyu ya fi ciwo. Ranar Alhamis malamin jarrabawa ya buɗe Chrome da shafuka rututu a kan na'urar, a daidai lokacin wani ya danna fitar da katunan aji guda a PDF, RAM ta cika, Linux ya zaɓi wanda zai yanka don na'ura ta numfasa ya yanke manhajar. Babu wanda ya tashe ta, don nohup ba mai gadi ba ne, kunne kawai yake toshewa. Shi kuma yaron yana sakatariyar ƙaramar hukuma wajen taronsu na mako-mako, sai bayan azahar ya dawo.

Mako na 3: tmux da ɗauke wuta

Wani abokinsa ya ce ai tmux zai sa. Tmux taminal ce da take zaune a baya, ka shiga ka tayar da abu ka fita, in ka dawo ka tarar da shi yadda ka bar shi. Ni kaina ina son ta, kullum ina amfani da ita in ina dogon aiki a na'urar nesa. Ta ba shi sauƙin ganin rubutun manhajar da sake tayar da ita ba tare da lalube ba.

Sai dai a makon nan ne wuta ta fara wasa. A ɗauke, a tayar da janareto, a kawo, a sake juyawa, kuma duk juyi ɗaya na'ura ta mutu, don UPS ɗin da ke ƙarƙashin tebur batirinsa ya daɗe da gamawa, ƙara kawai yake yi. In na'ura ta mutu tmux ma ta mutu da duk abin da ke cikinta. Akwai ranar da ya baro aji sau 4 yana zuwa kunnawa, har shugaban malamai ya fara magana cewa an ɗauko shi koyarwa ne ko gadin kwamfuta.

Mako na 4: cron

Ya gano cron, shirin da ke gudanar da umarni a lokacin da aka tsara masa, na da wani layi @reboot da ke gudanar da umarni duk lokacin da na'ura ta tashi. Ya sa. Bai yi ba. Ya kwana biyu kafin ya gane cewa cron ba ya tashi da muhallin da shi yake da shi in ya shiga, hanyar neman shirye-shiryensa daban ce, bai san wani keɓaɓɓen muhallin Python ba, don haka Flask ma ba a ganin ta. Ya rubuta cikakkiyar hanya, ya yi aiki.

Ya yi aiki wani lokaci dai. Yau ta tashi, gobe ta ƙi, kuma babu inda za ka duba ka ga dalili, domin cron imel yake aika abin da shiri ya faɗa, na'urar kuma ba ta da manhajar aika imel, sai ya zubar, a log ɗin na'ura, wato rajistar abin da ke faruwa a cikinta, layi ɗaya kawai za ka gani, No MTA installed, discarding output. Daga baya muka gane tsere ne ake yi tsakanin manhajar da PostgreSQL. Manhajar tana neman rumbun bayanai tun a numfashin farko, in ta riga shi tashi ta ƙwanƙwasa ƙofa ta 5432 ba kowa sai ta faɗi, in shi ya riga ta sai a zauna lafiya. Ya sa sleep 30 a gaba, ya rage amma bai kawar ba, don hadis ɗin na'urar, wato faifan ajiyar bayananta, tsoho ne, in wuta ta yanke shi yakan ɗau lokaci yana duba kansa.

A nan ne Hajiya ta kira ni, saura mako biyu a fara shigar da makin jarrabawa, ta ce in abin nan ba zai tsaya ba gara a koma takarda tun da wuri.

Mako na 5, ranar Asabar: systemd karon farko

Na same shi a ofis bayan la'asar duk ya gaji. Ya ce "Yaya wallahi na yi duk abin da na sani." Na ce masa abin da kake nema sunansa dimon, shirin da ba shi da taminal, ba ya jiran kowa ya shiga, yana zaune a baya yana jiran a buƙace shi. Sunan tsoho ne, tun 1963 masu aikin Project MAC a jami'ar MIT ta Amurka suka laƙa shi, shi ya sa za ka ga irin su sshd da harafin d a wutsiya. Kuma na'urarka tana da mai kula da su, systemd, shi ne shiri mai lamba 1, shi ke fara tashi ya tayar da kowa, PostgreSQL ɗinka ma shi yake tayarwa kullum ba ka taɓa zuwa kunna shi da hannu ba. Lennart Poettering da Kay Sievers suka fito da shi a 2010, Ubuntu ta koma kansa a 2015.

Kafin nan na sa ya bar python app.py, domin sabar da ke zuwa cikin Flask ta gwaji ce, ita da kanta tana rubuta gargaɗin haka duk tashi, shi dai ya saba gani ya daina karantawa. Muka sa gunicorn, wata saba da aka yi don ainihin aiki. Na bar shi ya rubuta fayil ɗin sabis da kansa a /etc/systemd/system ni ina kallo, da gangan, don shi zai zauna da abin ba ni ba.

Gwaji na farko ya faɗi da 203/EXEC. Ya rubuta /usr/bin/gunicorn alhali gunicorn ɗin yana cikin foldar muhallinsa. Minti biyu aka gyara.

Gwaji na biyu shi ne ya cinye mana yamma, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya. Ya buga systemctl start, babu kuskure, shiru. Ya duba waya, babu shafi. Ya duba status sai ga ja, Start request repeated too quickly. Ya buga ainihin umarnin da hannu a taminal, ya yi aiki sumul. Ya mayar cikin systemd, ya ƙi. Muka duba izini, muka duba folda, aka kira magariba muka je muka dawo, sai da na sa ya karanta min layin ExecStart da baki kalma-kalma sannan na ji ta: ya ƙara --daemon a ƙarshe. A tunaninsa tunda dimon muke so ai dole a faɗa wa gunicorn ya zama dimon, kuma tunani ne mai ma'ana.

Ga abin da wannan kalma ke yi. A tsohon tsari, kafin a sami mai kula irin systemd, shiri shi ke mayar da kansa dimon. Ya haifi ɗa ta hanyar fork, uban ya mutu nan take don taminal ta ga kamar an gama, ɗan ya kira setsid ya yanke alaƙa da taminal, ya sake haihuwa ya mutu, jikan shi ne zai rayu, ya rufe bakinsa da kunnensa ya juya su /dev/null, ya rubuta lambarsa a wani fayil don a san inda za a same shi. Dabara ce ta guje wa taminal. To shi systemd a tsarinsa na asali, Type=simple, wanda ya tayar shi yake kallo. Ya tayar da uba, uba ya mutu cikin ƙiftawar ido, sai ya ce sabis ya ƙare, ya share duk 'ya'yan da suka rage a rukunin har da jikan da ke shirin fara aiki. Kuma da yake an sa Restart=always sai ya sake tayarwa bayan milisakan 100, a sake mutuwa, a sake, ƙa'idarsa kuwa in aka tashi sau 5 cikin daƙiƙa 10 ya haƙura. Log kuma babu komai tunda gunicorn ya toshe bakinsa da kansa.

Ana iya gaya wa systemd Type=forking a nuna masa fayil ɗin lamba, akwai tsofaffin shirye-shirye da dole sai haka. Mu dai goge kalmar muka yi.

Daren Asabar ɗin: ta tashi

Da aka goge sai journalctl -u, umarnin karanta log ɗin systemd, ya fara magana, kuma daga nan komai ya zo da sauƙi don kowane kuskure yana faɗin sunansa. Fasawod ɗin rumbun bayanai yana cikin .bashrc ɗinsa, systemd ba ya karanta wannan, muka mayar da shi wani fayil daban da aka taƙaita masu iya buɗe shi. Gunicorn in ba ka ce komai ba 127.0.0.1:8000 yake saurare, wato na'urar kaɗai ke ganinsa, muka ce ya saurari kowa a 5000 don kada malamai su canja abin da suka saba. Muka buɗe wani asusu na musamman marar ikon root don manhajar. Ga yadda fayil ɗin ya tsaya:

```
[Unit]
Description=Sakamakon jarrabawa
Wants=postgresql.service
After=network.target postgresql.service

[Service]
User=sakamako
WorkingDirectory=/srv/sakamako
EnvironmentFile=/etc/sakamako.env
ExecStart=/srv/sakamako/venv/bin/gunicorn -w 3 -b 0.0.0.0:5000 app:app
Restart=always
RestartSec=5

[Install]
WantedBy=multi-user.target
```

Layin After shi ya kashe tseren nan da PostgreSQL. RestartSec=5 kuma ko da an faɗi za a jira daƙiƙa 5, ba za a taɓa cika sau 5 cikin daƙiƙa 10 ba balle a haƙura. Na ce ya kashe ta da kill -9 mu gani. Ya kashe, muka ƙirga, kafin mu kai bakwai shafi ya dawo a wayarsa. Ya ce "Yaya an gama ke nan?" Na ce gobe za mu zare filogi.

Ranar Lahadi: gwajin filogi

Muka fara kwafe bayanan da pg_dump zuwa filasha, sannan na zare wayar wuta daga bango na mayar.

Zarewa ta farko na'urar ko motsi ba ta yi ba, tana jiran a danna mata maɓalli. Wannan ba ruwan Linux, saitin BIOS ne, akwai wurin da ake zaɓar abin da na'ura za ta yi in wuta ta dawo, kowane kamfani da sunan da yake ba shi, muka sa ta kunna kanta. Zarewa ta biyu ma ba ta tashi ba, muka shiga BIOS saitin ya koma yadda yake, agogo ma ya koma shekarun baya. Ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke kan madabod, CR2032, ya mutu. Ya hau mashin ya sayo a wajen mai gyaran agogo a bakin kasuwa.

Zarewa ta uku na'ura ta tashi da kanta amma babu shafi. Jiya start muka yi ba mu yi enable ba, ni ma na manta, start na yanzu ne kawai, enable shi ne ke sa ta cikin jerin waɗanda za a tayar duk tashin na'ura. Zarewa ta huɗu systemctl ya nuna kore, manhaja na aiki, amma waya ba ta samu, ashe rawuta ma ta mutu ta dawo ta ba wa destof wata lamba daban. Muka shiga rawutar muka keɓe mata lamba ɗaya ta dindindin. Ta biyar muka zare muka fita waje muka tsaya a ƙarƙashin bishiyar darbejiya da waya a hannu, ba wanda ya taɓa komai, ƙasa da minti biyu shafin shiga ya buɗe.

Makon shigar da maki

Abu ɗaya ya taso. Fitar da katunan babban aji ya riƙa yankewa a tsakiya, log ya nuna WORKER TIMEOUT, domin gunicorn yana kashe ma'aikacin da ya wuce daƙiƙa 30 bai amsa ba, tsohuwar na'urar kuma ba ta gama PDF ɗin a wannan lokaci. Shi da kansa ya gano wannan bai kira ni ba, ya ƙara --timeout 120, ya yi daemon-reload ya sake tayarwa. An ɗauke wuta a makon ba sau ɗaya ba, bai baro aji ko sau ɗaya ba. An raba sakamako ranar da aka sa. Batirin UPS kuwa har zango ya ƙare ba a saya ba.

Abin da na gani

A ganina duk matakan farko ba shirme ba ne, kowanne ya toshe rami ɗaya na gaske: nohup ya hana mutuwar rufe taga, tmux ya ba shi ido a kan manhajar, cron ya tashe ta bayan wuta. Inda suka gaza shi ne babu ɗayansu da ke tsaye a kanta yana kallo bayan ta tashi, kuma babu wanda ya san cewa sai rumbun bayanai ya riga ta. Systemd ya haɗa waɗannan duka a fayil mai layi goma sha wani abu, ya kuma ajiye log a inda za a same shi, wanda ni a wajena shi ne ya fi komai amfani, don makonni huɗu yaron nan yana gyara a cikin duhu ne.

Kuskuren --daemon na fi ganin darajarsa, domin har yanzu bayanai da yawa da mutum zai ci karo da su suna koyar da tsohuwar hanyar ne ba tare da sun ce zamaninta daban ba, kuma mai koyo ba shi da yadda zai bambance. In akwai mai kula, shiri ya tsaya a gaba ya yi ta magana, ɓoyewa aikin mai kular ne.

Sannan daga cikin zarewa huɗu da suka faɗi ranar Lahadi, uku ba su da alaƙa da manhajar ko fayil ɗin sabis, BIOS ne da batiri da rawuta, da mun tsaya a koren da muka gani daren Asabar da ranar Litinin mun ji kunya. Abin da har yanzu bai kwanta min ba shi ne wutar da ke yanke hadis ɗin kai tsaye. PostgreSQL yana da rajistar da yake farfaɗowa da ita kuma ya farfaɗo duk lokacin da muka gwada, amma tsohon hadis ba ya jure wannan har abada. Kafin ya gama bautar ƙasa na sa ya haɗa kwafin pg_dump na kowace yamma zuwa filasha, ya kuma rubuta wa malamin jarrabawa umarni uku a takarda, status da restart da journalctl, ya manna a cikin murfin kabad. Maganar batirin UPS na sake yi wa Hajiya ita makon jiya, ta ce in an karɓi kuɗin zango mai zuwa.